Eriyar gajeren zango a kan motar gida: SWR ya yi kyau amma ba a ji na a mita 40

Garba_Tucson:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar eriya a kan mota.

Motar gida ce irin wadda Amurkawa ke kira Class C, a kan shasin Ford E-450. Tsawonta kusan mita 8, tsayinta mita 3.4. Kan direba ne kaɗai ƙarfe, bangon ɗakin faiba ne, rufin kuma katako ne da aka lulluɓe da roba. Rediyon Yaesu FT-891 ce mai wat 100. Eriyar kuwa irin mai ƙaramin inji a ciki ce, wadda ake kira sukudireba, koyil ɗinta na tsakiya, tsawonta duka mita 2.7. Na ɗaure ta a saman tsanin alminiyam da ke bayan motar, sai an yi fakin nake miƙar da ita. Daga gindinta na ja waya mai kauri, tsawon mita 3, zuwa shasi. Na gwada da maltimita, babu turjiya ko kaɗan tsakanin gindin eriya da shasin.

A 7.2 MHz, wato zangon mita 40, SWR (ma'aunin dacewar eriya da rediyo, 1 ne mafi kyau) yana sauka har 1.2 ba tare da na saka komai na daidaitawa ba, kuma sai na matsa kusan kHz 70 sama ko ƙasa kafin ya kai 2. Amma rahoton sigina da nake samu daga masu saurarona 3 da 3 ne (5 da 9 ne cikakke), wani lokaci ma ba a ji na sam, alhali masu waya a kan sanda a fili ɗaya da ni ana ba su 5 da 9. A mita 20 da ɗan dama-dama. Ban da wannan, in na danna makirfo na'urar gano yoyon gas takan yi ƙara, kuma da rana hayaniya tana kai S7 a ma'aunin S na ƙarfin sigina.

Tambayata uku ce. In na kafa sandar ƙarfe a ƙasa zai taimaka? Ƙasar hamadar Arizona ce ke cinye siginar? Ko in haƙura in sayi amfilifaya mai wat 500? Ina so in gyara kafin taron masu rediyo na Quartzfest na watan Janairu a garin Quartzsite da ke Arizona.

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam Malam Garba. Ka dakata da maganar amfilifaya tukuna. Wannan SWR ɗin da ya kwantar maka da hankali shi ne babbar alamar ciwon.

Abin da rediyo ke gani a gindin eriya, a daidai inda X (irin turjiyar da koyil da kafasita ke haifarwa) ya zama sifili, jimlar turjiya uku ce: turjiyar watsawa, wadda ita ce kaɗai ke zama sigina a iska, sai asarar koyil, sai asarar ƙasa da duk abin da wuta ke bi don ta dawo gindin. Biyun ƙarshe zafi kawai suke zama. Eriya mai cikakken rubu'in zango tana da turjiyar watsawa kusan om 36. Taka ba ta kusa da haka. A 7.2 MHz tsawon zango mita 41.7 ne, eriyarka mita 2.7. Idan koyil na gindi, lissafin shi ne 395 sau (tsawo bisa zango) sau kansa, wato om 1.7. Da yake naka koyil ɗin a tsakiya yake, wuta tana da ƙarfi a rabin ƙasa na sandar, sai adadin ya kusan ninkawa. Mu ce om 3.

Koyil ɗin kuma, don ya soke ƙarancin kafasitan bulalar da ke samansa, yana buƙatar X na wajen om 1,600. Koyil mai kyau Q ɗinsa, wato ma'aunin ingancinsa, 250 zuwa 300 ne, ka raba, ka samu asarar om 6 ko ƙasa kaɗan. To 3 da 6 tara ke nan. Da ƙasarka ba ta da asara sam, da na'ura ta nuna maka om 9, SWR ya haura 5. Kai kuwa kana ganin 1.2, ma'ana om 42 zuwa 44. Ina sauran om 35 ɗin suka fito? Asara ce. Kashi 7 cikin ɗari na wutarka ne ke fita, wato wat 7 daga cikin 100, kusan dB 12 (dB ma'aunin bambancin ƙarfin sigina ne) ƙasa da eriya marar asara. Maki biyu ke nan cif a ma'aunin S na wanda ke sauraronka. A mita 80 turjiyar watsawar ba ta kai om 1 ba, can kam sai ka yi sa'a za ka fitar da wat 2. A mita 20 tana haura om 10 kuma koyil ya ragu, shi ya sa ka ga dama-dama.

Faɗin da ka ambata ma shaida ce. Gajeriyar eriya mai lafiya matsattsiya ce, a mita 40 ba za ta ba ka fiye da kHz 50 zuwa 60 ba kafin SWR ya kai 2. In ka ga ta buɗe har 140, turjiya ce ta danne Q ɗin. Ka tuna cewa lodin gwaji mai om 50 yana ba da SWR 1 a kowace mita, kuma ba ya kai magana ko bakin ƙofa.

Kafin ka taɓa komai ka samu NanoVNA, ƙaramar na'urar auna eriya. Ka yi mata saiti a ƙarshen gajeren kebul, ka haɗa ta kai tsaye a gindin eriyar, ka janye jikinka daga kusa, ka juya injin har X ya zama sifili a 7.2, ka rubuta R, wato jimlar turjiyar nan uku. Kada ka nemi wurin da SWR ya fi sauka, wurin da X ya zama sifili za ka nema, domin ba kullum suke haɗuwa ba. Duk gyaran da ka yi, ka sake aunawa a wuri ɗaya. Muddin ba ka canza tsawon eriyar ba, saukar R ita ce ci gaba, ko da SWR ya lalace.

Malam Isyaku:

Lissafin Injiniya daidai yake, sai dai zan ɗan yi gyara a wuri ɗaya. Ba lallai ne duk om 35 ɗin nan su zama zafi ba. Wayar nan mai mita 3 da tsanin da bayan kebul duk suna ɗauke da wutar RF, wato wutar siginar rediyo, kuma suna watsa wani abu. Matsalar ita ce suna watsa shi a inda ba a so: a jikin bangon ɗaki, cikin wayoyin motar, kusa da ƙasa. Ƙarar na'urar gas ɗin nan daga nan take. Don haka kashi 7 na iya zama 9 ko 10, amma maganin bai canza ba.

Malam Garba, maltimita ta yaudare ka ne saboda wutar batir take aunawa. Miƙaƙƙiyar waya tana da kusan µH 1 a kowace mita, komai kaurinta. Mita 3 a 7.2 MHz ya haura om 130 na X, a 14 MHz ya ninka haka. Ga RF wannan wayar ba haɗin ƙasa ba ce, wani ɓangare ne na eriyar, kuma ƙasa ta nufa. Kauri ba ya ceto, domin a wannan mita wutar a fatar jan ƙarfe take tafiya, zurfinta bai wuce mm 0.025 ba. Faɗi da gajarta su ne ke aiki.

Eriya mai tsaye rabin eriya ce. Ɗaya rabin shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashin gindinta kai tsaye. A ƙaramar mota ta ƙarfe rufi da boneti da ƙofofi ne ke wannan aiki, su kuma suna haɗuwa da ƙasa ta hanyar kafasita na wasu ɗaruruwan pF, ba ta taya ba. Tirelar Airstream mai jikin alminiyam tana da wannan kyauta. Haka in a gida ne mutum ya mayar da Hiace ko Coaster ɗakin kwana, jikin ƙarfen ya riga ya ba shi rabin aikin. Taka motar kuwa a ƙarƙashin eriyar babu komai sai roba da katako da bututun tsani.

Ka je ka kwance sukurori biyu na ƙafar tsanin ka duba. Za ka tarar sun shiga faiba da katako ne, kewaye da farin gam na hana ruwa, ba su taɓa ƙarfen kirki ba. Ka duba kuma inda ka ɗaure wayar jan ƙarfe a jikin alminiyam. In ka ga farin gari kamar alli a ƙarƙashin notin, to alminiyam ɗin ya fara cinyewa saboda haɗuwar ƙarfe biyu mabambanta da danshi. Bugu da ƙari galibin tsanukan nan an yi musu rufin da ba ya wuce wuta, sai an kankare shi da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli.

In kana son eriyar da za ta yi aiki motar na tafiya, saman tsani ba wurinta ba ne ko ta wane hali. Mita 3.4 da 2.7 sun haura mita 6, alhali iyakar tsayi a jihohin Amurka da yawa ƙafa 13 da inci 6 ne, wato mita 4.11. Wurinta gaba ne, a gefen boneti, inda ƙarfen kan direba yake. Sai a ɗaɗɗaure sassan da saƙaƙƙen madaurin jan ƙarfe mai faɗin santimita 2.5, kowane bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba: boneti zuwa jiki ta wajen maƙalai biyun, kowace ƙofa zuwa jiki, jiki zuwa shasi a kusurwa huɗu saboda roba ce ke tsakaninsu, injin zuwa shasi, salansa zuwa shasi a wuri biyu ko uku. Ka yi amfani da washa mai haƙora don ta ciji ƙarfen, ka shafa man hana tsatsa irin Noalox ko Penetrox inda akwai alminiyam. Kada ka huda shasi, ka nemi ramukan da kamfani ya bari, kuma kafin ka sa dirili a ko'ina ka leƙa bayan wurin saboda bututun mai da na gas da wayoyin birki. Koyil ɗin ya nisanci kowane ƙarfe da aƙalla rabin mita. Masu ɗaure eriya a bamban baya, koyil na manne da bango, suna tafka asara biyu: gindin ya yi kusa da ƙasa, sannan firam ɗin alminiyam da ke cikin bangon yana shanye filin koyil ɗin.

Ko a ina ka sa ta, cok, wato naɗin da ke hana RF bin bayan kebul, wajibi ne. Zoben ferait FT240-31, ka naɗa kebul RG-400 ko RG-58 sau 10 zuwa 12, a gindin eriya daidai, ba a bayan rediyo ba. Kada ka naɗa RG-8X a matse, kumfar cikinsa tana laushi da zafin rana, wayar tsakiya ta gusa. Wayoyin injin sukudireba su ma su samu nasu zoben, naɗi 12 ko fiye, domin suna fitowa ne daga cikin jikin eriyar kuma su ne hanya mafi sauƙi da RF ke bi ta shiga ɗaki. Da yawa sukan manta da su.

Hajiya Rabi:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Garba ya ce sai ya yi fakin yake miƙar da eriyar, to ni a nan zan tsaya, domin wanda ke tsaye wuri ɗaya yana da damar da mai tafiya ba shi da ita.

Maganar sanda a ƙasa dai a bar ta. Ƙasa matsakaiciya tana wuce wuta da kusan mS 5 a mita. Busasshen yashi da tsakuwa irin na Quartzsite yana wajen mS 1 ko ƙasa da haka. Sanda mai mita 2.4 a irin wannan ƙasa turjiyarta kusan om 400 ce, a matsakaiciyar ƙasa ma wajen 80. Ga kuma wayar da za ta sauko daga rufi zuwa sandar, wadda Malam Isyaku ya riga ya yi bayaninta. Sanda tana da amfani wajen tsawa da lafiyar wutar lantarki, amma ba za ta ƙara maka ko rabin dB ba.

Asarar ƙasa iri biyu ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko tana faruwa kusa, cikin kamar rubu'in zango daga gindin eriya, inda wuta ke ratsa ƙasa don ta dawo. Wannan ana maganinta da wayoyin shimfiɗa. Ta biyu tana can nesa, zango da yawa daga motar, inda siginar ke bugun ƙasa ta tashi. A ƙasan wata kusurwa, abin da ya dawo daga ƙasa yana rage wanda ya tafi kai tsaye. A matsakaiciyar ƙasa kusurwar tana wajen digiri 15, a ƙasa marar kyau tana haura 20, a kan ruwan teku ba ta kai digiri 1 ba, saboda ruwan gishiri yana wuce wuta da S 5 a mita, ninki dubu na matsakaiciyar ƙasa. Wannan ta biyun babu wayar da za ta gyara ta, sai dai zaɓen wurin fakin. Shi ya sa eriya ɗaya za ta yi abin mamaki a bakin teku, ta koma hamada ta yi sanyi. Wanda ya san bambancin fadama da jigawa ya riga ya fahimci zancen. To e, ƙasar Arizona tana da nata laifin, amma ba ita ce ta cinye dB 12 ba.

Yanzu ga damar. Gindin eriyarka yana mita 3.4 sama da ƙasa, wuri mai kyau ƙwarai ga wayoyin da aka ɗaga. Tun binciken Brown da Lewis da Epstein na 1937 gidajen rediyon matsakaicin zango suke binne waya 120, amma gwaje-gwajen da Rudy Severns, N6LF, ya wallafa a mujallar QEX a 2009 sun nuna cewa waya huɗu da aka ɗaga sama, in an daidaita su da kyau, suna kusan kamo shimfiɗa mai yawa da ke kwance a ƙasa. Sharaɗin shi ne tsawonsu ya zama daidai kuma su yi kama da juna. Ka raba 71.3 da mita a MHz: mita 9.9 ga 7.2, mita 5 ga 14.25. In wayar mai riga ce za ta buƙaci ragin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, don haka ka yanke da ɗan rara. Hanyar saiti mai sauƙi: ka cire eriyar, ka haɗa wayoyi biyun a NanoVNA kamar dayifol (eriya mai hannu biyu) a daidai inda za su zauna, ka riƙa datsewa daidai wa daida har su zauna a 7.2, sannan ka mayar da su duka biyun jikin gindin. Biyu ga kowane zango, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, shi ne mafi ƙaranci. Huɗu ya fi.

Ƙarshen wayoyin kada ya sauko ƙasa da mita 2.2, ka ɗaure da igiyar roba a kan sandar faiba, ka rufe bakin wayar. Akwai ɗaruruwan bolt a wurin lokacin magana, kuma a filin taro yara da karnuka suna yawo.

A nan na saɓa da masu cewa a haɗa komai da komai. Idan za ka yi aiki da wayoyin da aka ɗaga, ka raba gindin eriyar da tsanin. Ka sa farantin roba mai tauri, irin allon yanka nama mai kaurin santimita 1 zuwa 2, tsakanin maƙalin da tsani, ka cire wayar nan ta mita 3. In ka bar su, tsanin da shasin sun zama waya ta uku marar daidaito da ke jan wuta zuwa ƙasa mai asara, su ɓata saitin sauran. Cok ɗin da Malam Isyaku ya faɗa shi zai hana kebul yin irin wannan. Eriyar da aka raba haka tana tara cajin iska, musamman in ana ƙura, don haka ka sa turjiya mai megom 1 zuwa 10 daga gindin zuwa tsani don ya tsiyaye, kuma ka mayar da wayar da ka cire ta haɗa ƙasan tsanin da shasi. In hadari ya taso ka kwantar da eriyar ka cire kebul.

Idan filin ya matse, babu wurin ɗaga waya, sai a koma shimfiɗawa a ƙasa, amma lokacin gindin eriyar ma ƙasa zai sauko, nesa da motar da mita 5 ko fiye. A can tsawo ba ya buƙatar saiti, yawa ne ke aiki. Waya 16 masu mita 4 zuwa 5 sun fi waya 4 masu mita 10 nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma: in mutanen da kake son kaiwa a mita 40 nisansu bai wuce kilomita 500 ba, kamar Phoenix ko San Diego, eriya mai tsaye ba ta dace da aikin ba tun asali, domin ba ta harba sama. Maƙwabtanka masu waya a kan sanda suna cin wannan riba. Sandar faiba mai mita 10 ko 12 da dayifol mai siffar V a kife, kowane hannu mita 9.9, ba ya buƙatar ƙasa ko kaɗan. Ka ɗaga kai ka duba wayoyin lantarki kafin ka miƙar da kowace sanda.

Garba_Tucson:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na auna. Yadda take a da, R ya nuna om 44 a inda X ya zama sifili. Na sa cok biyu, ya sauka 37, na'urar gas ta yi shiru. Na raba gindin da tsani, na ɗaga waya biyu masu mita 9.7 bayan datsewa, R ya dawo om 18. Farin garin da Malam Isyaku ya ambata kuwa yana nan a ƙarƙashin notin. Yanzu SWR 2.8 ne, rediyon tana rage wuta da kanta. Me zan saka? Hayaniyar rana kuma ta ragu zuwa S5 amma ba ta tafi ba.

Injiniya Bala:

Madalla. Daga 44 zuwa 18 ka samu kusan dB 4, kamar ka mayar da wat 100 ɗinka 245 ne. Ka lura fa cewa tunda wayoyin sun ɗan gangara ƙasa, su ma suna ƙara turjiyar watsawa kaɗan, don haka ribar na iya fin haka.

Daidaitawar ba ta da wuya. Ƙaramin koyil za ka sa tsakanin wayar tsakiya da gindin, a wurin da kebul ke shiga. Don ɗaga om 18 zuwa 50 ana buƙatar X na om 37.5 a gicciye, wato µH 0.83 a 7.2 MHz. Ka samu wayar jan ƙarfe mai lamba 14, kaurin mm 1.6, ka naɗa sau 7 a kan bututu mai faɗin mm 25, ka zare bututun, ka ja naɗin ya kai tsawon mm 25. Ƙafafunsa su zama gajeru. Bayan ka saka, za ka ɗan rage koyil ɗin eriyar da injin, domin dabarar tana aiki ne idan eriyar ta ɗan gaza, X ɗinta ya zama wajen om 24 a ɓangaren kafasita. Ka nemi mafi ƙarancin SWR, in bai sauka ƙasa da 1.5 ba ka matse naɗin ko ka buɗa shi kaɗan ka sake nema. Koyil ɗaya yakan wadatar daga mita 40 zuwa sama, domin a mita 20 X ɗinsa ya ninka, tasirinsa ya ragu. Kada ka bar na'urar daidaita eriya (tuna) da ke kusa da rediyo ta yi wannan aiki ita kaɗai, a gindin ya kamata a gyara.

Ka kiyaye yanzu: wat 100 a kan om 18 amfiya 2.4 ne, a saman koyil mai om 1,600 kuwa bolt ya kusan 3,800. Kada wani ya kasance a kan rufi lokacin da kake magana, kuma bulalar ta nisanci faifan sola da eriyar talabijin.

Babbar riba tana gaba. Tunda a tsaye kake, ka cire gajeriyar bulalar ka ɗaura mai zugewa ta ƙafa 17, wato mita 5.2, zarenta 3/8-24 ne kamar na sauran. Jimlar tsawo zai kai wajen mita 6.2. Turjiyar watsawa za ta hau wajen om 10, koyil ɗin da ake buƙata ya ragu sosai, asararsa ta dawo kamar om 3. Da sauran asararka ta om 9, 10 bisa 22 ke nan, kashi 45 cikin ɗari. In ka kwatanta da inda ka faro, dB 8 ne. Amfilifaya mai wat 500 dB 7 take bayarwa, a fita kawai, tana jan amfiya 70 zuwa 80 daga batir, kuma da ka haɗa ta da tsohon tsarin da sama da wat 400 sun tafi wajen ɗumama yashi da wayoyin ɗakinka. A mita 20 sai ka zuge bulalar ta dawo wajen mita 4, domin 6.2 ya zarce rubu'in zango. Doguwar bulala tana kama iska, kuma wuyan sukudireba ba a yi shi don wannan nauyi ba. Ka ɗaure ta da siririyar igiya ta ɓangare uku, in iska ta tashi ka sauke.

In ba ka son doguwar bulala, hular kafasita ita ce ta biyu: sanduna 4 zuwa 6 masu santimita 30 zuwa 40 da zobe a bakinsu. Amma a can sama za ka sa ta, aƙalla santimita 60 daga koyil. In ta zauna a kan koyil daidai, ƙara masa asara take yi.

Malam Isyaku:

Saura hayaniya. Tunda da rana take tashi, na fi zargin na'urar cajin sola ta MPPT. Ka ciyar da rediyon daga wani batir daban, ka kashe komai na motar, ka duba ma'aunin S a 7.2 da 14.2. Sannan ka riƙa kunna abu ɗaya-ɗaya: cajar sola, inbata, cajar da ke aiki in an jona wutar waje, fitilun LED, firji, cajojin waya. In za ka kashe sola, ka fara cire ɓangaren faifan kafin na batir, in za ka mayar kuma batir ne farko, in ba haka ba wasu na'urorin suna lalacewa. Hayaniyar MPPT takan fito a matsayin gurnani da ke maimaita kansa duk bayan wasu gomman kHz, yana ɗan yawo in gajimare ya gifta.

In ka kama ta, ka murɗe wayoyin faifan biyu tare kamar igiya, ka ratsa su tare cikin zoben FT240-31 sau 5 ko 6 dab da na'urar, ka yi haka a ɓangaren batir ma. Ferait mai maƙalawa da waya ke ratsawa sau ɗaya ba ya yin komai a 7 MHz, domin ƙarfin cok yana hawa ne da yawan naɗi sau kansa: naɗi 5 ya ninka naɗi 1 kusan sau 25. Wayoyin faifan da ke kwance a rufi kusa da gindin eriyarka suke, ka nisanta su gwargwadon iko.

Ka duba wayar wutar rediyon ma. FT-891 tana jan sama da amfiya 20 a cikakken ƙarfi. Waya mai mm² 6, in nisan batir mita 5 ne, zuwa da dawowa mita 10, tana zubar da kusan bolt 0.6. Batir na 12.4 ya zama 11.8 a bayan rediyo, wuta ta ragu, murya ta fara karkarwa. Ka sa mm² 10, da fis a bakin batir, ka auna bolt ɗin a bayan rediyon lokacin da kake watsawa, ba lokacin sauraro ba.

Don ka tabbatar da ribar, kada ka dogara da rahoton mutum ɗaya. Ka sa WSPR, tsarin gwajin da tashoshi ke ba da rahoton ƙarfin siginarka da kansu, a wat 2 ko 5, ka watsa da gajeriyar bulala, ka canza zuwa doguwar cikin minti goma, ka maimaita sau biyar ko shida, sannan ka kwatanta dB ɗin da tashoshi iri ɗaya suka ba ka a kowane zagaye. Ka kawo mana alƙaluman tare da R ɗin da doguwar bulalar ta nuna, daga nan za a san ko ƙara wayoyi biyu zai biya wahalarsa.